Tasa mai cibiya: yadda ake wanka a hamam, da dalilin da ya sa ba a shiga cikin ruwan

Duk wanda ya zauna gaban malam ya yi karatun Risala har ya kai can wajen ƙarshe, inda ake maganar aski da sutura da ladubba, zai tuna wurin da Ibn Abi Zaid ya ce kada namiji ya shiga hammam sai da gyauto, mace kuma kada ta shiga sai da larura. Ni dai ranar da na fara jin wurin nan kaina ya ɗaure, don a Islamiyya an koya mana hammam shi ne banɗaki, to mutum shi kaɗai a makewayi ya ja ƙofa ya rufe, gyauton me kuma? Sannan mace ba za ta shiga banɗaki ba sai ba ta da lafiya? Abin bai shige ni ba sam, kunya ce kawai ta hana ni tambaya.

Ashe hammam ɗin da yake nufi gini ne na jama'ar gari, kamar kasuwa, kowa zai biya kuɗi ya shiga ya yi wanka da ruwan zafi cikin mutane, kuma a Ƙairawan ta Tunusiya inda malamin ya rayu a ƙarni na 10 abu ne na yau da kullum. Kalmar ma daga zafi ta fito, tushenta ɗaya da hamim, tafasasshen ruwan nan da ake ambata a Alƙur'ani, da humma wato zazzaɓi. Turkawa suka ce hamam, Turawa kuma da yake a hannun Turkawa suka fi ganinsa sai suka laƙaba masa wankan Turkiyya, alhali Dimashƙa da Alƙahira da Fas sun san shi ɗaruruwan shekaru kafin Usmaniyawa, wato masu daular Turkawa, su ci Istanbul a 1453.

Amma ni abin da ya ja ni cikin maganar nan wata 'yar tasa ce. In kana duba hotunan tsofaffin kayan wanka na Turkiyya za ka yi ta cin karo da ita: faɗinta bai fi taƙi guda ba, ba ta da zurfi sosai, ta jan ƙarfe ko tagulla, ta masu hali kuma azurfa, sannan a tsakiyarta akwai wani tudu da ya kumburo sama kamar cibiya. Sunanta hamam tasi, kuma eh, tas ɗin nan da tasar da ke kicin ɗin gidanku kalma ɗaya ce, mu ta hanyar Larabci ta zo mana kamar yadda sabulu ya zo. Cibiyar tana da aiki fa. Ta ƙasa rami ne, nan ake cusa yatsun tsakiya babban yatsa ya kama baki, don hannun da ya sha kumfa santsi gare shi kuma tasar ba ta da mariƙi. Girkawan da can suna da kwano mai irin wannan cibiyar tun kafin haihuwar Annabi Isa, su kam gumakansu suke zuba wa abin sha da shi. Wasu tasoshin na Turkawa har da ɗan kifi na ƙarfe mai gaɓoɓi da aka ɗaura a kan cibiyar, in an cika ruwa sai ya riƙa kewayawa kamar yana iyo, abin lallashin yara in sun fara kukan wanka.

To me ya sa gini mai ƙubba da marmara, wanda sarakuna ke kashe dukiya a kansa, zai dogara da 'yar tasa? Sai mun koma wajen Romawa.

Su ne suka ƙware a dabarar ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe. Za a ɗora daɓen a kan gajerun ginshiƙai na bulo a bar fili a ƙasa, a hura wuta a gefe, zafi da hayaƙi su bi ta ƙarƙashin ƙafar mutane su hau ta bututun da ke cikin bango su fita ta sama. Gidan wankan Karakalla da aka buɗe a birnin Rum a shekarar 216 ana cewa yana ɗaukar mutum kamar 1,600 a lokaci guda, da ɗakin sanyi da na ɗumi da na zafi, da filin motsa jiki, da ƙaton kwamin iyo. Da Musulmi suka ci Sham da Masar a ƙarni na 7 sun tarar da irin waɗannan gidajen suna aiki a hannun Rumawa, kuma ba su yar da su ba. A hamadar Jodan har yau akwai Ƙusair Amra, ɗan ƙaramin gidan hutu na Banu Umayya daga farkon ƙarni na 8, da ɗakunan wankansa da zane-zane a bango, ƙubbar ɗakin zafin ma taswirar taurari aka zana mata. Sai dai sannu a hankali aka riƙa tankaɗe abin da aka gada. Filin motsa jiki ya tafi, ɗakin sanyi ya koma wurin tuɓe kaya da hutawa, babban abin da ya ɓace kuma shi ne kwamin da kowa ke tsunduma ciki.

Dalilin na tsarki ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana mai janaba wanka a cikin ruwan da ke tsaye ba ya gudu, da aka tambayi Abu Huraira to yaya mutum zai yi, sai ya ce ya riƙa kamfata. Shi ke nan, ga tasa ta samu aiki. Ƙari a kan haka a mazhabar Hanafiyya, wadda Usmaniyawa ke bi, ruwan da aka riga aka yi tsarki da shi ba ya tsarkake wani kuma, mu Malikawa a wajenmu makaruhi ne in akwai wani ruwan. Saboda haka a hamam ba a shiga ruwa, ruwa ake ɗorawa a jiki ya gangara ya bi magudana ya wuce. Jikin bango akwai wasu ƙananan kwamaye na marmara da ake kira kurna, kowanne da famfo biyu, na zafi da na sanyi, ka sirka daidai yadda kake so, ka zauna a gefe ka riƙa kamfata kana sheƙawa. Kurna ta asali ba ta da ramin zubar da ruwa a ƙasa, in ta cika sai dai ta tumbatsa, kuma babban rashin ladabi ne ka tsoma sabulu ko ƙafa a ciki, ko ka fantsama wa na kusa da kai ruwan da ya taɓa jikinka, don ka iya sa shi ya sake wanka daga farko. Ibn Battuta da ya je Bagadaza a 1327 ya yaba gidajen wankansu, ya ce an shafe su da kwalta har ka ɗauka baƙin marmara ne, kowane ɗaki da kwaminsa da bututu biyu, kuma tawul uku ake ba mutum, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na goge jiki.

Wato dai in ka cire marmara da ƙubba, wankan bokiti da moɗa ne irin namu, wanda wasu yanzu ke ganin na talaka ne don sun samu shawa da bahon kwanciya. Sarkin Musulmin Istanbul ma haka yake wankansa, bambancin kawai tasarsa ta fi taka tsada kuma wani ke zuba masa.

Yadda shigar take kuwa, daga titi za ka faɗa wani babban zaure mai sanyi, yawanci da maɓulɓular ruwa a tsakiya, nan za ka tuɓe a ba ka feshtamal, wani zane mai ratsi-ratsi da ake ɗaurawa a ƙugu, shi ne gyauton da Risala ke magana kuma ba a kwance shi a gaban mutane. Sai ɗakin ɗumi inda jiki zai saba, sannan ɗakin zafi. A tsakiyarsa akwai wani faffaɗan dakali na marmara da suke kira gobek tashi, dutsen cibiya ke nan, su ma dai da cibiya, nan za ka miƙe ka yi ta zufa har fata ta yi laushi. Daga nan tellak, wato mai cuɗa, zai sa safar hannu mai kaushi da ake kira kese ya dirje ka, dauɗa ta riƙa fita tana naɗewa kamar taliya ko da kuwa da safen nan ka yi wanka, sai ya lulluɓe ka da kumfa, sai ɗauraya da tasa. A ɓangaren mata mace ce ke wannan aikin, natir ake ce mata. A da har da wanzami a ciki, aski da ƙaho duk a nan.

Mutane na cewa wankan tururi, sai a ɗauka irin sauna ce ta mutanen Finland inda ake watsa ruwa a kan duwatsu masu zafi, ko irin siracenmu da ake lulluɓa da bargo a kan tukunya. Na hamam ya fi su sauƙi. Zafin daga daɓe yake tasowa, ruwan da ake ta sheƙawa a kan marmara mai zafi shi ke cika ɗakin da laima, a wasu gidajen kuma akwai 'yar taga da ke shigo da tururi daga tankin ruwan zafi. Zafin ɗakin bai cika wuce digiri 40 zuwa 45 ba, wanda mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ce ai wannan watan Afrilu ne kawai, laimar ce ke sa ka ji shi har ƙashi. Ƙubbar ma da hikimarta, raɓar da ta taru a sama sai ta bi lanƙwasar ta gangara ta bango maimakon ta riƙa ɗigo wa mutane a ka, kuma ba taga a bango don kada zafi ya fita ko a leƙo, haske ta wasu ƙananan gilasai da aka dasa a ƙubbar yake shigowa, Turkawa na ce musu idon giwa.

Bayan ginin, inda mai wanka ba ya gani, nan wahalar take. Murhun sunansa kulhan, yana ƙarƙashin wani ƙaton kasko na jan ƙarfe da aka dasa a gindin tankin ruwa, filin da hayaƙi ke bi a ƙarƙashin daɓe kuma jahannamlik suke ce masa, ba sai an fassara ba. Wutar ba ta mutuwa, shi ya sa a da yaran da ba su da wurin kwana a Istanbul suke raɓewa cikin tokar lokacin sanyi, har aka samu kalmar kulhanbeyi wadda daga baya ta koma nufin ɗan daba. A Alƙahira a da shara ake ƙonawa a murhun, masu sayar da ful, waken nan da Misrawa ke karya kumallo da shi, su kawo manyan tulunansu a binne a garwashi su kwana suna dahuwa. A Marrakesh har gobe ana kai wa mai hura wutar hamam tulun nama mai suna tanjiya ya turbuɗe shi a toka na sa'o'i, a ba shi ɗan abin da ya samu.

Kuma harka ce ta kuɗi sosai. A zamanin Usmaniyawa yawancin manyan hamam wakafi ne, kuɗin shiga shi ke riƙe masallaci ko makaranta ko gidan ciyar da miskinai. Chemberlitash da ke Istanbul, na shekarar 1584, Nurbanu Sultan mahaifiyar Sarki Murad na 3 ce ta sa aka gina don ya riƙa samar wa wakafinta na unguwar Uskudar kuɗi, kuma har yanzu ana wanka a cikinsa. Na Hurrem Sultan, matar Sarki Sulaiman, da ke kusa da masallacin Aya Sofiya, Sinan babban maginin daular ne ya gina shi a 1556. Hamam ɗin Jagaloglu na 1741 kuwa Sarki Mahmud na 1 ya gina don ɗakin karatun da ya kafa a Aya Sofiya, shi ne kusan na ƙarshe cikin manya, saboda a 1768 aka hana gina sabbin manyan hamam a birnin, itace da ruwa sun fara gagara.

Inda kayan wanka suka zama abin gasa shi ne wajen mata. A wancan zamanin namiji yana da kasuwa da gidan gahawa da masallaci, mace mai kulle kuwa hamam ne fitarta, ana wuni a can da abinci da 'ya'yan itace da hira, iyaye mata na ƙare wa 'yan mata kallo suna nema wa 'ya'yansu matan aure. Wata Baturiyar Ingila, Lady Mary Montagu, matar jakada, da ta shiga na birnin Sofiya ta Bulgeriya ta yau a 1717 cewa ta yi shi ne gidan gahawar mata. To tunda kowa ya tuɓe ba a ganin leshi ba a ganin gwal, arziki sai a kaya ake nuna shi: tasar azurfa mai sunan mai ita, tawul mai surfani da zaren zinariya, madubi, mataji, da kildan, wani ɗan akwatin jan ƙarfe mai huji-huji a ƙasa da ake zuba sabulu ko yumɓun wanke gashi ruwa ya tsiyaye, da kirdenlik, tukunyar jan ƙarfe da ake zubo kaya a ciki in an isa a kife ta a zauna a kai. Duk waɗannan cikin kayan aure suke, kamar dai yadda kakanninmu ke jere tasoshi da kumbuna a ɗakin amarya kafin kwanukan samira su zo. Sai takalmin katako mai tsayi, nalin a Turkanci, ƙabƙab a Larabci saboda ƙarar da yake yi a kan marmara, yana raba ƙafa da zafin daɓe da ruwan dauɗa, na masu kuɗi a yi masa ado da ɓawon kumba mai ƙyalli da azurfa. Takalmin nan har kisa ya yi a tarihi. A 1257 Shajaratud Durr, matar da ta taɓa mulkin Masar, ta sa aka kashe mijinta Sarki Aibak a wurin wanka, ba a jima ba ita ma kuyangin kishiyarta suka yi ta jibgarta da ƙabƙab har ta mutu, kamar yadda masu tarihi suka ruwaito.

Akwai wankan amarya kafin ɗaurin aure, akwai kuma wankan arba'in da ake kai maijego da jaririnta ranar da suka cika kwana 40. Wannan kam dole ya tuna maka da wankan jego, sai dai namu a gida ake yi, da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya ko runhu, kuma kullum ne ba rana ɗaya ba. Dukhan ɗin Sudan da masu gyaran jiki ke yi wa amare a Maiduguri da Kano shi kuma hayaƙin itace ne, ba tururi ba, kada a haɗa su. Duk da fataucin da ya daɗe tsakanin Kano da Tarabulus garuruwanmu ba su ɗauki ginin hamam ba, ni a ganina zafin ƙasa da tsadar itace da kuma kunyar tuɓewa cikin mutane sun isa dalili. Gidan wanka na haya da muke da shi a tasha da kasuwa wani abu ne daban, bokiti ɗaya ka shiga ka fito.

In ana maganar tsohon kayan wanka mafi suna a duniyar Musulunci to wani ɗan bokiti ne, tsayinsa bai kai santimita 20 ba, an yi shi a Herat ta Afganistan ta yau a watan Muharram na 559 bayan hijira, wato 1163. Na tagulla ne aka dasa masa azurfa da jan ƙarfe, da hotunan mahaya da makaɗa da masu wasa, da rubutun Larabci wanda haruffansa ke ƙarewa da kawunan mutane. A jikinsa an rubuta sunan wanda ya zuba ƙarfen, Muhammad ibn Abdulwahid, da wanda ya yi adon, Mas'ud ibn Ahmad, kuma wani attajiri ɗan kasuwa aka yi wa. Yanzu yana gidan tarihi na Hermitage a birnin Saint Petersburg na Rasha, ana kiransa bokitin Bobrinski da sunan Baturen da ya taɓa mallakarsa, maƙeran da suka sa hannu a jiki kuwa sai mai bincike ke tuna su.

Ba ko'ina aka bar kwami ba, gaskiya. A Iran tsofaffin hamam suna da khazine, tafkin ruwan zafi da ake shiga, sai a ƙarni na 20 hukuma ta hana saboda cututtuka aka koma shawa. A Bursa da Budafes kuma, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa, Usmaniyawa sun gina wuraren wanka masu tafki a tsakiya, tunda ruwan sabo ne ke shigowa tsoho na fita. A Andalus kuwa wankan kansa ne ya zama laifi, a 1567 Sarki Filib na 2 ya haramta wa jikokin Musulmin Garnada gidajen wankansu tare da harshensu da suturarsu, don ana ganin mai yawan wanka bai bar Musulunci da gaske ba.

Abin da ya karya hamam daga baya famfo ne da hita a cikin gida. Da yawa sun rufe, wasu sun koma shaguna ko gidan tarihi, kamar na Bayazid na 2 a Istanbul da aka mayar wurin nuna kayan wanka, waɗanda suka rage a tsakiyar birnin kuma 'yan yawon buɗe ido suka fi shiga da farashin da ɗan gari ba zai biya kowane mako ba. Tasoshin suka faɗa hannun dillalan kayan da. Tsohuwa ta gaske za ka ga sawun guduma bai daidaita ba, farin kuzar da aka shafe jan ƙarfen da shi don kada ya yi tsatsa kore ya goge a baki da kan cibiya inda hannu ke yawan taɓawa, wani lokacin da sunan mai ita da shekarar hijira a rubutun Usmaniyanci, ko da haruffan Armeniyawa ko na Girkawa, ta azurfa kuma da tambarin sarkin zamanin. Sabbi ma ana ƙera su a Gaziantef da sauran garuruwan maƙera, wasu a dusashe su da gangan su yi kama da tsoho, sannan dokar Turkiyya ta 1983 ta hana fita da kayan tarihi daga ƙasar, don haka masu zuwa saro kaya Istanbul a yi hattara da abin da ake cusawa a akwati.

Maroko ce inda abin ke raye a matsayin buƙata, kusan kowace tsohuwar unguwa da hamam ɗinta kusa da masallaci da gidan burodi, mutane na zuwa mako-mako da baƙin sabulun zaitun da yumɓun gasul daga tsaunukan Atlas. Can ba ma kurna a mafi yawansu, famfo ne ka tara a bokitai ka ja zuwa inda za ka zauna. A farkon 2024 da fari ya tsananta, hukumomi a Kasablanka da wasu birane suka sa a riƙa rufe hamam kwana uku a mako don tattalin ruwa, masu cuɗa da masu hura wuta suka yi ta kuka da rashin aiki. Ranar Alhamis da ake sake buɗewa sai layi ya dawo, kowa da bokitinsa da 'yar tabarmar zama da tasarsa, yawanci ta roba.